Ciyawar da Na Nome a Bakin Teku

Bari in faɗi wautata da bakina tun kafin wani ya riga ni. Ni Sale, mutumin ƙasar Gumel, da furfurata da komai, na taɓa ɗaukar fartanya na nome bakin teku. Ba gona ba, ba lambu ba, bakin teku. Da na gama kuma na riƙe ƙugu ina jiran a zo a yaba mini. Wanda zai yi dariya ya yi, Hansai matata ta riga shi. Har yau in ta kira ni a waya ba ta tambayar gajiya, sai ta ce, "Manomin teku, ya damina?"

Ni ba mai karatu ba ne. Allo na ɗan taɓa, boko kuwa ban daɗe ba aka sallame ni, saboda na saka wa malamin lissafi ƙadangare a aljihun riga. Abin da na iya a duniya noma ne. A garinmu da gona ake auna namiji. In aka bi ta taka aka ga ciyawa ta haɗiye gero, har matarka sai an yi mata habaici a bakin rijiya. Ubana da fartanya ya rene mu, noman firi, maimai, har da na ukun da babu wanda ya tilasta. Shi ya sa har na tsufa, in na ga ciyawa a inda ɗan Adam ke zaune, tafin hannuna ƙaiƙayi yake yi. Ku riƙe wannan, shi ne ciwona.

Abin da ya kawo ni Madina ma ba zan ɓoye ba. Na duba ayyukana na ƙuruciya, na ga ba su da kyan gani. Sai na ce bari in je birnin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in nemi halal ɗina, in ajali ya zo ya same ni a can, a sa ni a makabartar Baƙi'a. Ko ba a dube ni don kaina ba, a dube ni don maƙwabta. Hansai ta ce, "To, Allah ya kai. Amma ka sani ko a Baƙi'a kai ne dai Sale." Ta ƙulle mini kuka da daddawa a tsumma. Na bar ta da gida da awaki da katangar ƙasa mai neman yaɓe kowace shekara.

Zangona na farko Aziziya. Ejan ɗin da ya yi mini takardu ya rantse cewa aikina ban ruwan furanni ne kusa da Harami, ina ban ruwa ina jin kiran salla. Da na sauka sai na tarar kafil ɗina, wato wanda sunansa ke kan iƙamata, takardar zaman ƙasa, a matsayin mai ɗaukar nauyina, ba shi da fure ko ɗaya. Ko bokiti ba shi da shi. Sunansa kawai yake sayarwa. Ya ɗauke ni a mota, ya sauke ni gaban wani shagon faci, ya ce, "Dabbir nafsak," ya ja mota. Na tsaya da jakata ina murmushi, a zatona zai je ya dawo. Sai wani dogon mutum da ke sa iska a tayar babbar mota ya dube ni ya ce, "Tsoho, cewa ya yi ka san yadda za ka yi da kanka. Ba zai dawo ba."

Shi ne Lawali, mutumin Gure ta ƙasar Nijar, direban motar kaya. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki jakata ya jefa a mota. Ɗakinsu cike yake, katifa na gogar katifa, na ga fuskoki sun ɗaure da aka shigo da ƙarin mutum. Amma da ƙamshin daddawar Hansai ya fito daga jaka, sai aka fara matsa mini wuri ana ce mini Baba.

Zango na biyu Aƙiƙ, wurin gini. Ina ɗaukar bulo da buhun siminti tare da samarin da na haifi kamarsu, mai kula da aiki yana bina da "Yalla, ya shaiba, yalla!" wato maza, tsoho. Gwiwoyina suka fara magana, kowace da muryarta. A kan hanyar akwai wani Bayamale, mutumin Yaman, mai gasa tamis, gurasar nan tasu mai faɗi. Kullum da safe zai miƙo mini guda ya ce ta ƙone, ba ta sayuwa. Na sha juya ta gaba da baya, ban taɓa ganin inda ta ƙone ba. Abin da ya fi bulo nauyi shi ne lokacin da na san an yi shuka a gida. Sai in tsaya a kan bene ina kallon duwatsun Madina baƙaƙe ƙirin, hancina yana neman ƙamshin ruwan farko. In kira Hansai in ce, "An yi firi?" Ta ce, "An yi." In ce, "An nome gefen kuka da kyau?" Ta ce, "Zo ka duba mana."

Zango na uku Ƙuba, kuma ciwona ne ya kai ni. Na saba zuwa masallacin Ƙuba ranar Asabar in yi nafila. Wata Asabar ina dawowa a ƙafa ta bayan gidaje, inda tsofaffin lambunan dabino suka rage, sai na hango ta ɓarakar katanga wata magudanar ruwa ciyawa ta shaƙe ta. Na wuce. Na dawo. Na sake wucewa. Wallahi ban san lokacin da na haura katangar mutane ba, na naɗe wando, na duƙa ina tuge ciyawa da hannu ina huci. Ina cikin haka na ji murya a bayana, da wata irin tsohuwar Hausa mai ƙamshin Larabci.

"Kai, ɓarawon ciyawa ne kai?"

Na juya. Wani dattijo ne baƙi kamar ni, da farar jallabiya, zaune a inuwar dabino da butar shayi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sata nake ba. Gani na yi ruwa na shan wahala."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce, "Walla ban taɓa ganin mai tausayin ruwa ba. Ta'al, zo ka sha shayi."

Ammi Usman ke nan. Ɗan ƙasa ne da takardarsa, amma kakansa daga ƙasar Katsina ya tako a ƙafa, ya yi shekaru a hanya ta Sudan, ya sauke farali bai koma ba. Kowa Ammi yake ce masa, wato baffa da Larabci, ni ma na bi, ko da yake bai girme ni da yawa ba. Yana da ɗa, Faisal, ma'aikacin ofis. Faisal yana jin Hausa tsaf, amma in ka yi masa ita da Larabci zai mayar maka. Shi ya yi zirga-zirgar da aka mayar da iƙamata ƙarƙashin sunan ubansa, yana yi yana gunaguni wai uban ya tsinto tsoho a bakin katanga.

Na ji daɗin Ƙuba. Na mayar da lambun nan kamar tafin hannu. In la'asar ta yi mu zauna da Ammi, ya sa ni in ba shi labarin gida. Yana son jin yadda ake ɗaure damin gero, yana son jin sunayen kasuwanni, garuruwan da bai taɓa gani ba amma kakansa yana ambata. Ni kuwa ina ƙara gishiri, in ce masa a Gumel kan gero ɗaya sai jaki ya ɗauka. Ya ce, "Kazzab!" yana dariya, ya ƙara mini shayi. Ranar Juma'a in na fito daga Harami sai in bi ta gefen Baƙi'a, in leƙa ta shinge in yi sallama, in ce, "Ina nan tafe, a rage mini wuri."

Sai yanar ido ta rufe wa Ammi gani, likita ya ce aiki za a yi. Kafin a kwantar da shi ya kira ni ya ce, "Ya Sale, ina da gida a bakin bahar, gaba da Yanbu kaɗan. A can aka haife ni, ubana masunci ne. Mun daɗe ba mu je ba. In na warke ina so in gan shi da sabon ido. Ka je ka share, ka gyara abin da ya lalace."

Na ce, "Ammi, ka ɗauka an gama." Na wasa fartanyata, wadda na sa wani maƙerin Sudan ya ƙera mini irin ta gida, na ɗaura ta a jaka.

Faisal ya kai ni ya juyo. Ni dai ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinmu ba, sai ga ruwa har inda ido ya ƙare, shuɗi, yana numfashi. Gidan ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da gajeruwar katanga da tankin ruwa a baya, yana zaune a kan tudun rairayi, teku a gabansa. Amma ni ba teku na fara kallo ba. Ciyawa na gani. Ta zagaye gidan ta ko'ina, tun daga gindin katanga har gangaren tudun. Wata irin ciyawa ce da ban sani ba, ba ta tashi sama, tsawonta bai wuce ƙauri ba, sai ta baje a ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Ganyenta ƙanana kumburarru, kamar yatsun jariri, kore mai toka-toka. Na tsinki ɗaya na tauna, gishiri da ɗaci suka cika mini baki. Kowace kuma ta tara ɗan tsibin rairayi a ƙarƙashinta, wurin duk ya yi tudu da kwari, babu kyan gani. Na ce, "Innalillahi, haka aka bar gidan dattijo? Abin da ko akuya ba za ta ci ba?"

Na tuɓe riga na shiga. Ciyawar nan gajeruwa ce a sama, amma saiwarta kamar igiya, ta yi nisa a ƙasa, sai na sa ƙafa na dafe nake tumɓuke ta. Wannan ya ƙara mini zuciya. Akwai wani tsohon masunci da ke ɗaure kwalekwalensa a ƙasan tudun. Ya hau da gudu yana ɗaga hannu yana, "La! La, ya hajj! La!" Na ji shi sarai, na san la a'a take nufi tun ina wurin gini. Amma na ce a raina, ƙyashi ne, su ba su iya ba, ba sa son a ga wanda ya iya. Na ɗaga masa hannu na ce, "Yawwa, sannu!" na ci gaba. Ya tsaya yana kallona, ya girgiza kai, ya gangara.

Na yi kwanaki ina yi. Na nome gaba, na nome gefe da gefe, na baje tsibin rairayin, na haɗa tsintsiya na share, har da zanen shara irin wanda Hansai ke bari a tsakar gida. Wuri ɗaya kawai na bari, bayan tanki. Bayana ya gaji, na leƙa na ga ba mai zuwa nan, na ce Ammi da sabon idonsa ma ba zai zagayo ba. Na ɗauki hoton gidan na aika wa Lawali. Ya kira ni nan take. Na zaci yabo ne. Ya ce, "Baba Sale, akwai iska a wurin?" Na ce, "Akwai, mai daɗi." Ya ce, "Allah ya kyauta."

Iskar wurin da azahar take tasowa daga teku. Da can ina jin ta a jiki kawai. Yanzu sai na ga ƙasa ta fara tafiya. Rairayi yana gudu a kan rairayi, siriri, yana sukar ƙafa. Da safe na tarar ya taru a bakin ƙofa. Na kwashe. Washegari ya dawo da 'yan uwansa. Na kwashe. Ban ankara ba sai na ga ta gefen teku ƙasa tana raguwa a gindin katanga, harsashin gini ya fito tsirara. Abin da iska ta ɗebe a gaba shi take jibgewa a ƙofa. Ni da shebur ina mayarwa, ita tana dawo da shi, muna ta yi kamar masu faɗa a kan gado. Rannan ina sallar la'asar na ji rugum. Kusurwar katanga ta kwanta.

Na zagaya ina salati, sai na iso bayan tanki. Nan ƙasa ko motsi ba ta yi ba. Ciyawar tana kwance yadda na bar ta, iska na bi ta kanta, rairayi na zuwa ya shige cikin rassanta ya tsaya. Na daɗe a tsugune. Ashe inda na yi ƙwazo nan na kashe, inda na yi lalaci nan kaɗai ya tsira.

Da Faisal ya zo duba aiki, sai da ya haura rairayi kafin ya ga ƙofar gidan kakansa. Ya cire tabarau ya ce, "Esh hada, ya ammi? Esh hada?" Wato mene ne wannan.

Na ce, "Faisal, ɗana, shara na yi."

Muka shiga mota. Muna tafe tsakanin duwatsu ya ce, "Khalas. Khuruj niha'i." Wannan Larabcin duk baƙo ya san shi, ko kurma ne. Fita ce ta ƙarshe, ba dawowa. Iƙamata kuwa ta kusa ƙarewa, kuma shi ke da hannun sabunta ta. Da muka hango hasumiyoyin Harami na ji idona ya cika. Na ce shi ke nan, na yi wa mutanen Baƙi'a alkawarin banza.

Na sami Ammi a inuwarsa, an liƙe masa ido ɗaya da auduga. Na tsuguna nesa, ban ko yi sallama da ƙarfi ba.

Ya ce, "Ya Sale, matso. An ce ka yi noma."

Na ce, "Na yi, Ammi."

"Duka?"

"Ban da bayan tanki."

"Me ya hana ka bayan tanki?"

Na ce, "Na ga ba za ka leƙa ba."

Kafaɗarsa ta fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya yake dannewa saboda likita ya hana shi girgiza kai. Da ta lafa sai ya gyara zama. Ya ce, "Larabawa ruɗriɗ suke ce mata. Uwata kuwa, mai gadi take ce mata. Muna yara in ka taka ta, sai ta bi ka da takalmi. Ba ubana ya tara tudun nan ba, ya Sale, ciyawar ce ta tara shi, kaɗan-kaɗan, tun kafin a haife mu. Shi gini kawai ya ɗora. Uwata a ɗakin nan ta haife ni, a ɗakin ta rasu."

Faisal ya fara magana da Larabci da sauri, na tsinci khuruj a ciki. Ammi ya ɗaga hannu. Ya ce, "Likita ya ce ba tafiya sai an yi ɗayan idon, ya'ani sai ƙarshen sanyi. Ka koma. In na je na ga ƙasa ta tsaya, ka tsaya. In na ga tana tafiya, ka tafi."

Na koma. Kuna zaton na yi hankali? Na ciko buhuna da takin awakin Ƙuba. Na ciro 'yan rassa daga bayan tanki na dasa a layi, tsaf kamar dashen barkono, na zuba taki, ina ba su ruwan tanki mai daɗi safe da yamma, wanda ni kaina nake tsimi. Har magana nake yi musu. Ba a jima ba suka yi ɗorawa, suka yi laushi, suka ruɓe. Na kira Hansai na gaya mata. Ta ce, "Ikon Allah. Ruwa safe da yamma? Har da lallashi? Ni da na haifa maka 'ya'ya ban taɓa samun wannan hidimar ba." Na ce, "Ke ai ba kya mutuwa in an bar ki." Ta ce, "Haka ne," ta kashe waya.

Ranar wata Juma'a na ji ƙugin mota. Lawali ne, ya cika motarsa da busassun rassan dabino daga lambun Ammi. Ya sauko ya dubi layin dashena, ya dubi takin, ya riƙe baki.

Ya ce, "Baba Sale, kai fa duk abin da ka so sai ka kashe shi."

Na ce, "Ka zo taimako ne ko wa'azi?"

Ya ce, "Mu a Gure rairayi ya sha cinye mana gari. Ba a faɗa da shi da shebur. Shinge ake kafa masa da kaba, gida-gida kamar ramin dara, iska ta zo ta gaji. In ƙasa ta daina gudu, ciyawa da kanta za ta zo. Wannan kuma 'yar gishiri ce, takinka da ruwanka guba ne a wurinta."

Muka shiga kafa rassan, layi ya ratsa layi, tun daga gindin katanga har gangare. Tsohon masuncin nan ya hau ya tsaya yana kallo, can sai ya ajiye igiyarsa ya kama mana. Da Lawali zai tafi na ce, "Sai me kuma?" Ya ce, "Sai ka zauna." Na ce, "In zauna in yi me?" Ya ce, "Ka zauna kawai. Shi ne aikin." Ya yi wa masuncin magana da Larabci, suka yi dariya. Masuncin ya shiga ɗaki ya ɗauko fartanyata, ya saɓa a kafaɗa ya gangara da ita. Na bi shi ina, "Kai, bawan Allah!" Ya juyo ya ce, "La, ya hajj. La." Wannan karon na ji.

Ban taɓa aiki mai wuyar wannan ba. Bulon Aƙiƙ wasa ne. Na gyara kusurwar katanga, na kwashe ƙofa, daga nan sai zama. In zauna in kalli shinge, in kalli teku, in tuna Baƙi'a. Masuncin yakan kawo mini kifi ya ajiye, mu ci ba mai jin maganar wani. Na lura rairayi ya daina sukar ƙafa, yana zuwa ya kwanta a gindin rassan dabino. Amma ƙasa fari fat, ko tsiro babu, sanyi kuma yana ta wucewa.

Sai rannan hadari ya taso daga teku, aka yi ruwa. A Gumel wannan yayyafi ne, ba mai fita shuka saboda shi. Amma na fita na tsaya a ciki ba riga. Bayan 'yan kwanaki ina zagaye sai na ga wani abu kore kamar ƙwayar gero a gindin shinge. Na duƙa. Ga wani. Ga wani can. 'Ya'yan da iska ta kwaso daga bayan tanki, da waɗanda suka zube lokacin da nake ta'asata, duk shinge ya tare su. Tare da su wasu ciyayin suka fito, iri-iri, waɗanda na tabbata ba ita ba ce. Tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Wallahi sai da na zauna a kan hannayena.

Ƙarshen sanyi Faisal ya kawo Ammi, da baƙin tabarau da sanda. Ko gidan bai kalla ba. Ya bi layin shinge a hankali, ni ina binsa a baya. Tsiron bai wuce tafin hannu ba, wani ma bai kai ba, amma kowanne ya tara ɗan rairayinsa a ƙarƙashi. Faisal ya ce da Larabci ai ƙanana ne, ba su riƙe komai ba tukuna. Ammi ya ajiye sandarsa. Ya tsuguna da ƙyar, ya cire tabarau, ya tsinki ganye ɗaya ya sa a baki. Na ga fuskarsa ta yamutse da ɗaci, sai hawaye a sabon idon. Iskar azahar ta taso. Muka tsaya mu uku muna kallon ƙasa. Ta kaɗa mana riguna, ta kaɗa rassan dabino, ƙasa ba ta tashi ba.

Ammi ya ce, "Faisal, jaddid lahu," wato a sabunta mini iƙama. Ya juyo gare ni ya ce, "Ta tsaya. Ka tsaya."

Ban san me na ce ba. Na dai san na rungume Faisal, yana ta "Khalas, ya ammi, khalas," yana bubbuga mini baya.

Muna zaune a inuwar katanga muna shan shayi sai ga wayar Hansai. Kunnena ya yi nauyi, a bayyane nake sa magana, kowa na ji. Na ce, "Hansai, albishirinki! An bar ni. Ina nan Madina har mutuwa!"

Ta ce, "To, madalla, manomin teku. Allah ya sa a dace." Sannan ta ce, "Dama in gaya maka ne, katangar gabas da ta faɗi da damina na sa an tayar. Jiya aka gama yaɓe."

Na ce, "Ta faɗi? Yaushe? Ba ki gaya mini ba."

Ta ce, "Ai kana fama da ta mutane. Bari in je, awaki sun shiga rumbu."

Na mayar da waya aljihu. Ammi yana juya kofin shayi a hannunsa, yana kallon 'yan tsiron nan da ke kwance a ƙasa. Bai dube ni ba ya ce, "Ya Sale, nawa gidan na ga abin da ke riƙe da shi. Naka fa, ka taɓa duƙawa ka duba?"

An sabunta iƙamar. Ina nan Ƙuba, ranar Juma'a ina bi ta gefen Baƙi'a in yi sallama. Ammi bai sake tambayata ba, ni kuma har yau ban ba shi amsa ba.